Cikar Teku ko Igiyar Ruwa: Wanne Ɗan Kano Zai Je Ya Koyo?

Ɗan wana ya gama karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma Allah ya buɗa masa ƙofar digiri na biyu a Sikotland, a fannin samar da wuta daga teku. Ranar da ya kawo mini takardar muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, an ɗauke wuta, kowa na fifita da abin da ya samu. Maƙwabcinmu ya karɓa ya haska da fitilar wayarsa, ya fashe da dariya ya ce, "To Malam, in ya dawo a Tiga zai haƙa mana tekun?"

Da aka watse yaron ya matso ya ce, "Baffa, an ce in zaɓi ɗaya kafin in tafi. Ko in yi bincike kan wutar da ake samu daga cika da janyewar teku, ko kan wadda ake samu daga igiyar ruwa. Ni kuwa tekun ma sau ɗaya na taɓa ganinsa, a Legas."

Abin da na faɗa masa a daren, da abin da na ƙara masa daga baya, shi ne na rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne ɗan Arewa da irin wannan zaɓi zai tarar.

Mu da ba mu tashi a bakin teku ba muna ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ko uba ba su haɗa ba. Cikar teku aikin wata ne, rana na taya shi. Wata na jan ruwan duniya, sai teku ya kumbura ya hau gaɓa, ya tsaya, ya janye. A yawancin gaɓoɓi hakan na faruwa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata, ta fi ƙanƙanta idan wata ya yi rabi. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin darasin. Ana iya buga jadawalin cikar teku na shekaru masu zuwa kamar yadda ake buga jadawalin lokutan salla a manna a bangon masallaci, kuma ba ya saɓawa sai ɗan abin da iska ta ƙara ko ta rage.

Igiyar ruwa kuwa 'yar iska ce, a ma'anar kalmar ta asali. Iska ke kaɗawa a tsakiyar teku ta tayar da raƙuman ruwa, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su fashe a gaɓa. Ana iya hasashensu na 'yan kwanaki, ba na shekara ba. Yau teku ya kwanta lamo, jibi ya tashi da haukan da zai karya jirgi.

Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali.

Hanya biyu ake bi wajen cin moriyar cikar teku. Ta farko ita ce madatsa, kuma ɗan Kano zai gane ta nan take don ƙanwar dam ce. A toshe bakin wani kogi ko lungun teku da katanga, a bar ruwa ya shiga lokacin cika, a rufe ƙofofi, idan teku ya janye a saki ruwan ta cikin injuna. Uwar wannan fasaha ita ce tashar La Rance da ke arewa maso yammacin Faransa, kusa da garin Saint-Malo. An buɗe ta a 1966, wato ta girmi madatsar Kainji da shekara biyu, ta girmi ta Tiga da takwas. Injuna 24 gare ta, kowane megawat 10, jimla 240, kuma har yau tana ba da wuta. Abin da ya sa ta yiwu a wurin shi ne tazarar da ke tsakanin cika da janyewa, wadda kan kai mita 8 a matsakaici, ta haura 13 a manyan ranaku. Ka kwatanta ruwa ya hau tsayin bene mai hawa uku ko huɗu ya sauka, sau biyu a yini.

Shekara 45 La Rance tana riƙe da kambu, sai a 2011 Koriya ta Kudu ta buɗe tashar tafkin Sihwa mai megawat 254. Labarin Sihwa yana ba ni sha'awa don gyaran ɓarna ne. A 1994 aka gama katangar, da niyyar samun fili da tafkin ruwan daɗi. Sai dattin masana'antu ya taru ruwan ya lalace. Maganin da aka samo shi ne a bar teku ya riƙa shiga yana wanke tafkin, tunda kuma ruwan zai wuce ta ƙofa, aka dasa masa injuna goma a hanya. Katangar dama tana nan, ba a gina ta don wuta ba, wannan ne ya sauƙaƙa kuɗin.

A nan fa sai a yi hattara da manyan lambobi. La Rance da Sihwa a haɗe megawat 494 ne, ba su kai Kainji mai 760 ba, kuma su biyun nan su ne kusan duk wutar tekun da duniya ke taƙama da ita. Sannan megawat ɗin takarda daban, na zahiri daban. Tunda akwai awannin da ruwan ciki da na waje ke daidaita injuna su tsaya, abin da La Rance ke samarwa a shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na abin da za ta bayar da tana aiki ba tsayawa. Kanada ta gina ƙarama mai megawat 20 a Annapolis a 1984, a mashigin Fundy inda tazarar ruwa kan kai mita 16, mafi girma a duniya. Ta daina aiki a 2019, bayan lalacewar inji da ƙorafin kifin da take kashewa. Birtaniya ta daɗe tana shawarar gina tafkin Swansea mai megawat 320 kan fam biliyan 1.3, a 2018 gwamnati ta ce ya yi tsada, magana ta mutu. A taƙaice madatsa ta tabbatar tana aiki kuma tana daɗewa, amma tana cin kuɗi a farko kamar gara, tana toshe hanyar kifi, tana tara laka. Shi ya sa na ce wa yaron kada ya gina rayuwarsa a kanta. Fasahar da ake gina babbar tasharta sau biyu a rabin ƙarni ba ta ɗaukar ma'aikata.

Hanya ta biyu ce ke da rai yanzu. Ba katanga, ba toshe kogi. A nemi matsattsen wuri tsakanin tsibirai inda ruwan cika da janyewa ke wucewa a guje, a dasa farfela a ƙarƙashin ruwa, kamar injin iska amma a nutse. Ruwan teku ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ƙaramar farfela na yin aikin babba. Akwai kuma wata ƙa'ida da na sa ya rubuta: idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinsa ninkawa yake sau takwas. Ma'ana wuri shi ne komai. Mashigin da ruwa ke gudu sosai zinare ne, na kusa da shi mai sanyin gudu ba ya biyan kuɗin wayar da za a ja.

Sikotland ta yi sa'ar irin waɗannan wurare. A mashigin Pentland Firth da ke can ƙuryar arewa akwai aikin MeyGen, farfela huɗu, kowace megawat ɗaya da rabi, waɗanda aka fara dasawa a 2016. A farkon 2023 wutar da suka tura layin ƙasa ta haura gigawat-awa 50, wato yunit miliyan 50 na mitar wuta. A tsibiran Orkney, inda cibiyar gwaji ta EMEC take tun 2003, akwai Orbital O2, wani dogon ƙarfe mai mita 74 da ke yawo a saman ruwa a ɗaure, da farfela biyu a ƙarƙashinsa, yana ba da megawat 2 tun 2021. Hikimarsa ita ce ana ɗago hannayen farfelar sama a yi gyara da ƙaramin jirgi. Wanda ya taɓa ciro famfon rijiyar burtsatse don gyara ya san cewa ba gyaran ne ke cin kuɗi ba, fito da abin ne. To a teku ninka wannan wahala sau dubu, ga gishiri mai cin ƙarfe, ga ƙananan halittu masu manne wa kome, ga 'yan mintunan da ruwa ke lafawa su ne kaɗai lokacin aiki.

Nan ma an yi asara. Injin da kamfanin OpenHydro ya nutsar a mashigin Fundy a 2009, cikin 'yan makonni ruwa ya kakkarya fukafukansa, kamfanin kansa ya rushe a 2018. Amma duba abin da ya rage: kusan duk masu wannan sana'a yanzu sun hallara kan siffa ɗaya, farfela mai fukafuki biyu ko uku. Idan masu sana'a suka daina gardama kan siffar kayan aiki suka koma gardamar farashi, sana'ar ta fara girma.

Igiyar ruwa ba ta kai nan ba, kuma ba don rashin shekaru ba. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard ya yi rajistar dabarar amfani da ita. A Japan, Yoshio Masuda ya ƙera fitilun nuna wa jirage hanya masu cin wutar igiya tun shekarun 1960. Bayan rikicin man fetur na 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinbara ya fito da na'urarsa da ake kira agwagwa a 1974, wadda a tankin gwaji ta kwashe kusan duk ƙarfin igiyar da ta same ta. Agwagwar ba ta taɓa zama tashar wuta ba.

Daga nan kowa da irin kiɗansa. Wasu sun yi maciji: Pelamis, dogayen ganguna da aka haɗa da gaɓoɓi, igiya na lanƙwasa su, lanƙwasar na tura mai ya juya janareta. An jera uku a Aguçadoura ta Fotugal a 2008, kowanne kilowat 750, aka yi shela cewa ga gonar igiya ta farko a duniya. Cikin wata biyu aka jawo su gaɓa saboda matsalar inji, mai zuba kuɗin kuma rikicin tattalin arzikin shekarar ya kayar da shi, ba su koma ba. Kamfanin Pelamis ya durƙushe a 2014. Wasu sun yi ƙyaure: Oyster, wani faffaɗan ƙarfe da ke kafe a ƙasan teku, igiya na buɗe shi tana rufewa. Kamfaninsa ya bi sahu a 2015. Wasu sun yi tulu mai yawo da ke hawa da sauka, irin na kamfanin CorPower na Suwidin mai kilowat 300 da aka gwada a wannan gaɓar ta Fotugal a 2023.

Wadda ta fi kwanta mini ita ce mafi sauƙi, don zugazugin maƙera ce sak. A gina ɗaki na kankare a gaɓa, ƙasansa a buɗe cikin ruwa. Igiya ta shigo ruwa ya hau ya tura iskar ɗakin ta fita ta wata kafa, ta janye iska ta dawo. A kafar akwai farfela ta musamman, ƙirƙirar Alan Wells na Belfast, wadda ke juyawa gefe ɗaya ko iska na fita ko tana shiga. Babu wani inji a cikin ruwan gishiri, makaniki da ƙafarsa zai tako ya yi gyara. Garin Mutriku a yankin Basque na Sifaniya ya saka irin wannan a cikin katangar kare tashar jiragensa a 2011, kuma ta shafe shekaru tana aiki, abin da kaɗan ne a wannan fanni za su iya faɗa. Sai dai ƙarfinta kilowat 296 ne daga farfela 16. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a farkon 2023 ta ninka ta fiye da sau 30.

Me ya sa igiya ta gagara haka? Janareta yana son juyi mai sauri kuma daidaitacce, igiya kuwa motsinta a hankali ne, mai ƙarfi, marar tsari, wannan ta zo babba ta bayanta ƙarama. Sannan dole ka gina na'urar ta jure guguwar da ke zuwa sau ɗaya a shekaru, alhali kuɗinka daga igiyar yau da kullum kake samu. Ka yi ta da kauri ta yi tsada, ka yi ta da sauƙi teku ya haɗiye. Farfelar da ke nutse a mashigi ta san iyakar gudun da zai same ta, yana cikin jadawali. Na'urar igiya ba ta san abin da dare zai kawo ba.

Farashi ya faɗi sauran. A gwanjon kwangilolin wuta da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2022, farfelar cikar teku ta samu fam 178.54 kan kowane megawat-awa, sola ta tsaya a fam 45.99, injin iska na cikin teku fam 37.35. Wato ko ita cikar tekun da nake yabo ta ninka sola tsada kusan sau huɗu, kuma ta shiga ne don an ware mata kaso na musamman. Igiyar ruwa ba ta samu ko kwangila ɗaya ba a wannan zagaye.

Da na kai nan yaron ya ce, "To Baffa, ai magana ta ƙare, cikar teku ke nan." Na ce masa ya dakata, don idan aka juyo gida Najeriya lissafin juyewa yake.

Gaɓar tekunmu ta kai kusan kilomita 850, amma cikarmu ƙarama ce. A Legas tazarar ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, tana ƙaruwa idan aka nufi gabas har ta kai wajen mita 3 a Kalaba. Madatsa irin ta La Rance tana neman aƙalla mita 5. Ko da ma ta kai, toshe bakin kogi a Neja Delta yana nufin taɓa abincin dubban masunta. Ba mu kuma da matsattsun mashigai tsakanin tsibirai irin na Orkney. Igiya kuwa muna da ita. Raƙuman ruwa daga kudancin Atlantika suna dukan gaɓar Legas shekara ɗungurungum, su ne suka cinye Bar Beach har aka kai ga gina katangar Eko Atlantic. Ba su kai na Sikotland ko Ailan ƙarfi ba, amma ba su da irin haukan guguwarsu, kuma sun fi ƙarfi da damina, lokacin da hadari ke rufe rana a kudu sola ta yi sanyi. Maƙwabtanmu na Gana sun taɓa gwada na'urorin igiya a Ada. Idan wata rana aka samu wutar teku a ƙasar nan, na fi zaton ɗakin zugazugi ne irin na Mutriku a jikin katangar wata tashar jiragen ruwa, ko ƙananan na'urori masu ciyar da kayan aikin mai da ke tsakiyar teku, inda kai dizal da jirgi ya riga ya yi tsada.

Ka ga abin ya zama kamar zaɓen mata: wadda ta dace da gidanku ba ta gama girma ba, wadda ta girma ba a garinku take ba.

Duk da haka cikar teku na ce ya ɗauka, ɓangaren farfela, kuma dalilina ba shi da alaƙa da gaɓar Legas. Shi ɗan Kano ne, tsakaninsa da teku tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma digirin shekara ɗaya ne. Tambayar ita ce me zai ɗauko a kansa wanda zai yi amfani ko babu teku. Wanda ya koyi yadda ruwa mai gudu ke juya farfela, yadda ake zaɓen janareta, yadda ake hana ruwa shiga inji, ya koyi abin da ake bukata a Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, da ƙananan tashoshin da ake iya ɗorawa a madatsun da muke da su irin Tiga da Challawa. Ana ma dasa ƙananan farfeloli a cikin kogi ba tare da dam ba, ga Neja ga Binuwai. A can Sikotland kuma zai tarar da injuna masu aiki da bayanan shekaru da zai yi bincike a kai, ba zane a kwamfuta kaɗai ba. Idan ya so ya yi 'yan shekaru yana aiki kafin ya dawo, kamfanonin da ke da kwangila a hannu su ne ke ɗaukar mutane.

Na ƙara masa da cewa ko a cikin wannan ɗin ya karkata ga ɓangaren lantarki: yadda ake karɓar wutar da ke hawa da sauka sau huɗu a yini a daidaita ta, a haɗa da batir, a tura layi ba tare da ta girgiza shi ba. Wannan ita ce matsalar da duk mai haɗa sola da inbata da janareta a Sabon Gari ko Sharaɗa yake fama da ita kullum, sunan ne kawai ya bambanta.

Akwai wanda zan ce wa ya ɗauki igiya. Wanda lissafi ke gudana a jininsa, yake da niyyar wucewa digiri na uku ya zauna a jami'a, kuma ba a jiran albashinsa a gida. Fannin da bai daidaita ba shi ne inda sabon shiga ke iya yin suna, kuma aikin sarrafa na'ura ta bi motsin kowace igiya yana daga cikin mafi daɗin lissafi a injiniyanci. Edinbara na da tankin FloWave, zagayayye mai faɗin mita 25, inda ake ƙirƙirar igiya da gudun ruwa a lokaci ɗaya, bayan rushewar Pelamis kuma gwamnatin Sikotland ta kafa hukumar Wave Energy Scotland don kada ilimin ya watse. Haka wanda ya fito daga Legas ko Bayelsa ko Akwa Ibom, yake da niyyar komawa gaɓar, hujjarsa ta fi ta ɗan wana ƙarfi. Amma ya shiga da sanin cewa na'urar da zai ba shekarunsa tana iya ƙarewa a gidan tarihi, kamar yadda ta faru da mutane masu basira kafin shi.

Ɗan wana ba ya cikin waɗannan. Shi ne babba a ɗakinsu, ƙannensa huɗu na makaranta.

Bayan kwana uku ya dawo da fom ɗin a cike, ya zaɓi farfelar cikar teku, da ƙaramin take kan haɗa ta da batir. Sai ya ce, "Baffa, an ce a Orkney da bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, da hunturu kuma kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi. Yaya zan yi da lokutan salla?" Na ce wannan tambayar malaminsa na Islamiyya zai kai wa. Ni nawa shi ne ranar Asabar in raka shi Ƙofar Wambai mu nemo masa rigar sanyi mai kauri, wadda ruwa ba ya ratsawa.